Sigidin: Kufai a Bakin Hanyar Bayi

Sigidin ƙaramin gari ne cikin gundumar Bilma, jihar Agadas. Yana can ƙarshen Kawar ta arewa, fiye da kilomita 100 daga Dirku. Barebari da Tubawa ke zaune a cikinsa. Ba a noman gero a nan. Arzikin garin dabino ne da gishiri. A nan hanya take rabuwa biyu: ɗaya ta nufi Jado, ɗaya ta nufi Madama da ƙasar Libiya.

A gefen garin akwai kufan tsohon birni. Da ƙasa mai gishiri aka gina shi, ɗaki manne da ɗaki, saboda tsoron mahara. Yau rufin ya faɗi, rairayi ya cika lunguna.

Mutanen hamada ba su son kwana a kufai. Bahaushe yakan ce wurin iskoki ne da fatalwa. Abzinawa suna kiran mazauna irin wannan wuri Kel Esuf, wato mutanen kaɗaici. In iska ta ratsa kangon da dare, matafiyi sai ya ji kamar ana kuka. Iska ce kawai. Amma kukan gaske an yi shi a kan wannan hanya.

Shekaru ɗaruruwa, ayari yana tashi daga Barno, ya bi Bilma da Sigidin, ya faɗa Murzuk, ya ƙare a Tarabulus. Babbar hajarsa bayi ce, yawancinsu mata da yara. An kamo su a gona, ko a bakin rafi, ko wajen kiwo. Fatake suna kan raƙuma, bayi suna tafiya a ƙasa. Wanda ya kasa, a nan ake barin shi.

A ƙarshen shekara ta 1822, wasu Turawan Birtaniya, Denham da Clapperton da Oudney, suka biyo hanyar daga arewa. A rijiyar Mashru, cikin ƙasar Libiya ta yau, Denham ya ga ƙasusuwan mutum fiye da 100. Bayi ne da ƙishirwa da wahala suka kashe. Ba wanda ya yi musu sutura. Ba wanda ya kai wa iyayensu labari. Hanyar da ta ci mutane haka, ba mamaki a ji tsoron kufanta.

Daular Turkiyya ta hana cinikin bayi a 1857, Faransa ta hana a ƙasashen da ta mallaka a 1905, amma abin bai mutu nan take ba. A 2003 Nijar ta kafa doka: wanda ya bautar da mutum, kaso na shekara 10 zuwa 30 ke jiran shi.

Hamada kuwa ba ta daina cin mutane ba. A watan Yuni 2017, direbobi suka yar da wasu masu zuwa Libiya neman aiki. Su 75 ne, 24 kaɗai aka kawo Sigidin da rai.

Waiwaye adon tafiya. Fatalwa ba ta taɓa ɗaure kowa da igiya ba, mutum ne ya yi wa ɗan'uwansa. Wanda ya san inda ake riƙe wani a matsayin bawa, ya sanar da hukuma. Wanda ɗansa ke shirin ratsa hamada, ya karanta masa labarin Sigidin tukuna.