Tsohuwar Motar Soja da Sabon Inji

A ƙofar wani gida na manoma, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, akwai wata babbar mota da ta shekara tara ba ta motsa ba. Ƙirar Bedford RL ce, irin wadda aka fara ƙerawa a Ingila a shekarun 1950 domin jigilar sojoji da kayan yaƙi, kuma ƙafafunta huɗu duka suna ja. Mai gidan, wanda tsohon direban soja ne, ya saye ta a gwanjo bayan ya bar aiki, ya yi shekaru yana kai hatsin ƙauyen kasuwa da ita. Da ya rasu, motar ta shiga cikin kayan gado, sai ta zama abin jayayya tsakanin 'ya'yansa.

Ƙannen sun fi son a sayar da ita ga 'yan gwangwan, a auna ƙarfen a raba kuɗin. Babban wansu, wanda malamin firamare ne, yana ganin asara ce, domin da zarar damina ta yi nisa hanyar ƙauyen takan zama taɓo, ƙananan motoci su daina shigowa, amfanin gona ya yi kwantai. Ya roƙi a ba shi shekara guda. In motar ta tashi, kowa yana da rabo a abin da ta samo. In ta ƙi, a cire kuɗin da aka kashe daga nasa kason. Da wannan nauyi a wuyansa ya nufi kasuwar Panteka a Kaduna, wurin wani dattijon bakanike, abokin mahaifinsa.

Malamin ya je da shawararsa a shirye. Injin motar na asali na fetur ne, mai silinda 6, girmansa lita 4.9, ga shan mai, ga wahalar kayan gyara, tun da kamfanin ya daina ƙera manyan motoci a shekarun 1980. Tun kuma da aka cire tallafin fetur a 2023, ciyar da irin wannan inji ya fi ƙarfin talaka. Saboda haka yana son a ɗora mata injin Mercedes OM 352, mai amfani da man gas, wanda shi ma silinda 6 gare shi amma lita 5.7. Shi ne injin da ke cikin motocin 911 da suka cika hanyoyin Nijeriya, kuma da wuya a sami garin da ba a san gyaransa ba. Ya ƙara da cewa yana son sabon bodi na katako da koren fenti.

Dattijon ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Ɗana, ka fara da fenti, ni kuwa da birki zan fara. Motar da ta ƙi tashi asarar kuɗi ce kawai. Wadda ta ƙi tsayawa kuwa, rayukan mutane za ta ci."

Daga nan ya shiga yi masa bayani dalla-dalla. Birkin motar na mai ne, kuma yana samun taimako daga zuƙar iskar da injin fetur ke yi. Injin gas ba ya samar da wannan zuƙa, don haka tilas a haɗa masa famfo na musamman, in ba haka ba direba zai taka birki ya ji kamar dutse ya taka. Na biyu, sabon injin ya fi tsohon nauyi, wanda ke nufin sai an ƙara wa sifirin na gaba ganye, an kuma ƙera sababbin kujerun inji. Kafin a yi wannan ma sai an kankare shasi an duba ko tsatsa ta cinye shi, domin ba a ɗora kaya a kan jakin da bayansa ya karye. Na uku, da yake ƙafafun gaba suna ja, akwai tulun aksil a ƙarƙashin inji, kuma dole a auna tazarar da ke tsakaninsa da kaskon baƙin mai, kada su riƙa karo a cikin gargada.

Batun giya shi ya fi ɗaukar lokaci. Bakin injin Mercedes bai dace da giyar Bedford ba. Ko dai a yanka faifan ƙarfe da zai haɗa su, ko a sayi injin tare da giyarsa, sannan a rage tsawon farfelar da ke kai ƙarfi ga akwatin da ke raba shi tsakanin gaba da baya. Dattijon ya zaɓi hanya ta biyu, ko da yake ta fi tsada, saboda kuskuren da bai kai kaurin farce ba a wurin haɗin yana iya cinye kuloci cikin 'yan watanni. Ya kuma gargaɗe shi cewa injin gas ba ya juyawa da sauri kamar na fetur, saboda haka motar za ta ƙara ƙarfin ja amma gudunta zai ragu. Sauran abubuwan ya lissafa su a gurguje: babban lagireto, batura masu ƙarfi, wanke tanki da ƙara bututun da ke mayar da ragowar mai, da kuma zuwa ofishin lasisi a sauya lambar inji a takardu.

Da malamin ya tara lissafin a littafinsa, sai ya ga kuɗin ya zarce abin da ya tanada da kusan rabi. Jikinsa ya yi sanyi, ya ce, "Baba, ko dai in haƙura?"

Dattijon ya karɓi biron, ya ja layi a kan bodi da fenti da sababbin kujeru. Ya ce a raba aikin gida uku: shasi da birki bana kafin damina, inji da giya bayan kaka idan an sayar da amfanin gona, ado kuwa sai motar ta samo kuɗinsa da kanta. Ya ce in aka buɗe shasin aka tarar ya ruɓe, a nan za a tsaya, asarar ba ta yi yawa ba.

Malamin ya koma gida da yamma, ya tara ƙannensa a zaure, ya karanta musu lissafin ba tare da ya ɓoye ko sisi ba, har da yiwuwar aikin ya tsaya a matakin farko. Aka yi shiru na ɗan lokaci. Can sai autansu, wanda ya fi kowa matsa wa a sayar, ya tambaya ko nawa ne kuɗin janwe zuwa Kaduna, ya ce shi zai biya. Washegari da sassafe suka fito da jak da itatuwa, suka fara ɗaga ƙafar gaba daga cikin ƙasar da ta binne ta.