Daga Unguwar Rimi Zuwa Tarkwa Bay

Mu mutanen Kaduna ta Arewa da kogi muka tashi, amma ba mu taɓa ɗaukarsa hanya ba. Iyaka ce a wurinmu: nan Malali da Unguwar Rimi da Kabala, can Barnawa da Kakuri. Mai son tsallakawa gada yake nema. Kwale-kwale kuwa na masunta ne da masu ɗiban yashi da manoman fadama, kuma babu uwar da za ta ji ɗanta ya nufi bakin kogi a watan Agusta ba ta ɗaga murya ba. Shi ya sa da sha'anin zumunci ya kai ni Legas, ɗan yayata da ke zaune a Obalende ya ce zai kai ni wurin da mota ba ta zuwa, babur ba ya zuwa, sai na ɗauka zolaya ce.

"Kawu, Tarkwa Bay ake ce wa wurin. Ta ruwa ake zuwa."

"Ruwa kamar yaya?"

"Jirgi za mu hau. Bai fi minti ashirin ba."

Da hantsi muka isa tashar jiragen fito ta CMS, a bakin titin Marina. A bayanmu dogayen benayen bankuna da tsohuwar majami'ar Angilika, da 'yan kwandastan danfo suna ta kwarmata sunayen unguwanni. A gabanmu ruwa, mai faɗin da idona bai saba da shi ba, launinsa tsakanin kore da toka. Na ce wa yaron, "To, ga teku." Ya yi dariya ya ce ai ba mu ma kai ba tukuna, wannan mashigar tashar jiragen ruwa ce kawai. Can tsallake, inda manyan ƙugiyoyin sauke kaya suka miƙe sama, nan ne Apapa.

Abin da ya fara burge ni shi ne yadda babu wanda ya damu. Wata dattijuwa ta shigo da kwandon burodi a ka da jarkar manja a hannu, ta zauna ta hau ƙirga canji. Wasu 'yan mata da kular abinci suna ta ɗaukar hoto. Wani magidanci ya rungumo buhun siminti, wani kuma katan-katan na lemo, domin duk abin da za a ci ko a sha ko a yi gini da shi a tsibirin, ta nan zai bi. Aka miƙo wa kowa rigar kariya mai ruwan lemo. Na ɗora tawa a kan kaftani, na danne hula, na ƙulle kowace igiya da na gani a jikinta. Gwamnatin jihar tana da hukuma sukutum da ke kula da hanyoyin ruwa, LASWA, wadda aka kafa a 2008, kuma dokarta ce fasinja ya sa rigar. Matuƙinmu dai bai tayar da inji ba sai da ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya. Na tuna labaran kifewar jiragen ruwa da muke ji daga Neja da Kebbi da Sakkwato kusan kowace damina, na ce a raina ashe abin ba gagara ya yi ba.

Injin ya yi ruri, hancin jirgin ya ɗaga sama, na yi bismilla a bayyane. Iska ta cika mini kunne. Muna cikin tafiya sai matuƙi ya sassauta, kowa ya juya dama. Wani jirgin dakon kaya ne yake shigowa daga teku, ƙananan jirage masu ja suna rakiyarsa. Wallahi ban san yadda zan kwatanta shi ba, sai dai in ce a tumɓuke wani yanki na Ahmadu Bello Way da benayensa, a ɗora a kan ruwa, a ce masa tafi. Kwantenoni ne jere a kan juna, ja da shuɗi da fari, har hawa nawa ban iya ƙirgawa ba. Kowace ɗaya daga cikinsu tirela guda ce a hanyar Zariya, irin wadda in ta faɗi a Kawo gari ke tsayawa cak. Ga su nan ɗaruruwa, kuma abin yana tafiya shiru, ba hayaniya. Da ya wuce sai igiyar ruwan da ya tayar ta iso mu, jirginmu ya hau ya sauka, ya sake hawa ya sauka. Na damƙe benci da hannu biyu. Dattijuwar nan ko ɗago kai ba ta yi ba.

Wannan mashiga da muke ratsawa, ashe ba haka Allah ya bar ta ba. A da, tudun yashi ne ya tare bakinta a ƙarƙashin ruwa, manyan jirage ba sa iya shiga Ikko, wato Legas. Sai su wuce Forcados, can yankin Neja Delta, a juye kaya cikin ƙananan jirage a dawo da su. A farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka suka fara jibge duwatsu cikin teku, suka yi dogayen katangu a gabas da yammacin mashigar don su hana yashi toshe ta. Duwatsun daga yankin Abeokuta aka riƙa kwaso su a jirgin ƙasa. Ranar 1 ga Fabrairu, 1914, wata guda cif bayan Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa, jirgin wasiƙu mai suna Akoko ya shigo har cikin tashar Legas. Lokacin Kaduna ba ta ma zama hedikwatar Arewa ba, sai a 1917. Layin dogo kuwa ya riga ya haɗa Legas da Kano tun 1912. Ke nan dalar gyadar da ake ba mu labari, da fatu da ƙiraga, da audugar Funtuwa da Gusau, mafi yawansu ta wannan ɗan tsukin ruwa suka fita duniya. Yau ma kwantenar da za a buɗe a tashar tsandauri ta Kakuri, wadda aka ƙaddamar a Janairun 2018, da wuya ba ta nan ta shigo ba. Na daɗe ina sayen kaya a Kasuwar Sheikh Gumi ban taɓa tambayar kaina ta wace ƙofa suka shigo ƙasar ba. Ga ƙofar ina cikinta.

Saukarmu ma wani abin kallo ce. Jirgin ya matso gaɓa, samari suka tare shi, aka ce kowa ya tuɓe takalmi. Na naɗe wando na taka yashi mai laushi, ruwa ya lashi ƙaurina ya koma. Mu da muka san yashi a bayan tifa, ana sayar mana da shi da tsada don gini, ga shi nan shimfiɗe iya ganinka, yara suna binne junansu a ciki.

Gaɓar ta lanƙwasa, an jera rumfuna da kujeru na haya, bishiyoyin kwakwa a baya. Babu ƙarar mota, babu hon, babu hayaƙin salansa. A Legas! Garin da tun asuba kunnenka ba ya hutawa. Ruwan wurin kuma kwance yake, raƙumansa ƙanana, domin katangun duwatsun nan sun kare shi daga haukan teku. Wato wurin shaƙatawar ma ribar ƙafa ce: an yi aikin ne don jiragen kaya, sai yashi ya taru a gefe, ruwa ya lafa, mutane suka samu wurin wanka. Mata da ƙananan yara suna ciki har ƙugu, ga kuma jirgin dakon mai yana wucewa a bayansu, kusa ƙwarai, har kana iya karanta sunansa.

Daga gefen katangar na hango abin da ya ɗaure mini kai. Wasu yara, waɗansunsu ba su wuce shekara goma ba, kowanne da wani dogon allo. Sai yaro ya kwanta a kai, ya yi ta tuƙi da hannu har ya yi nisa, ya tsaya yana jira. Da raƙumin ruwa ya taso sai ya yi wuf ya miƙe tsaye a kan allon, ruwan ya ɗauko shi a guje, yana karkata hagu da dama, hannuwa a buɗe. Na tambaya ko akwai inji a ƙasan allon. Babu. Ko akwai abin da ya riƙe ƙafarsa? Wata 'yar igiya ce kawai a idon sawu, don kada allon ya tsere in an faɗi. Na ga sukuwar hawan Daushe, na ga 'yan dambe, na ga masu wasa da kura, amma ban taɓa ganin yaro ya hau ruwa ya tsaya a kansa ba. A talabijin na ɗauka wasan Turawan Amurka da Ostireliya ne. Waɗannan kuwa 'ya'yan masunta ne da masu jiragen fito, a nan aka haife su. In ɗaya ya faɗi sai sauran su bushe da dariya, shi ma ya ɓullo yana dariya, ya koma.

"Kawu, zo ka ga tekun gaske," in ji ɗan yayata.

Muka bi wata 'yar hanya ta cikin yashi muka ɓulla ɗaya gefen, gaɓar da ake kira da sunan tsohuwar hasumiyar fitila da Turawa suka gina don nuna wa jirage hanya da dare. Tun kafin in ga ruwan na ji shi a ƙirjina. Nan babu katangar da ta tare komai. Ruwa ne yake tasowa ya fi tsayin mutum, ya naɗe, ya faɗo da ƙara, ya watsu fari fat, ya ja da baya yana jan yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Wani bai gama ba wani ya taso. Babu tsallake. Duk ruwan da na sani a rayuwata yana da tsallake: kogin Kaduna, dam ɗin Kangimi, har Neja a gadar Jebba. Wannan kuwa sai dai ka ga inda ya haɗu da sama, da jerin jirage can nesa sun yi cirko-cirko suna jiran izinin shiga. Na rasa abin cewa sai tasbihi. Yaron ya ja hannuna baya, ya ce ko gwanayen iyo ba sa wasa da wannan gefen.

Azahar ta same mu a nan. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. Mas'ala ce da muka haddace ba tare da tunanin za ta taɓa amfanarmu ba, don ina mu ina teku? Ranar na tsuguna na ɗebo da tafin hannu. Da na kai bakina na kurkure, sai da na runtse ido. Na san an ce da gishiri, amma ban zaci gishirin ya kai haka ba, har da ɗaci-ɗaci. Wani mai tsire da ke kusa ya ga yadda na yamutsa fuska, ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, yau aka fara ke nan?" Hausarsa ta mutanen Maraɗi ce. Shi ya nuna mana alƙibla ya ba mu aron tabarma. Ban yi mamakin samunsa a nan ba. Hausawa sun daɗe a Ikko. Tun 1863 Gwamna Glover ya kafa rundunarsa da su, kuma Obalende da muka kwana tsohon mazaunin sojojin Hausa ne. Amma mai tsire a tsibirin da sai an ratsa ruwa, da gawayinsa da ƙuli-ƙulinsa da yajinsa, wannan ya ƙara mini girmama mutanenmu wajen nema.

Da muka koma inda muka ajiye takalma, sai na tarar ruwan da ke nesa da su ɗazu ya kusa cim musu. Ba a yi ruwan sama ba, ba a buɗe wani dam ba. Mai tsiren ya ce haka yake kullum, ya cika ya janye, sau biyu tsakanin dare da rana, kuma da wata yake tafiya. Namu kogin sai ya shekara kafin ya yi abin da wannan yake yi kafin la'asar: ya cika a Satumba har ya shiga gidaje, ya ƙafe a Maris har duwatsu su fito.

Ba duka labarin wurin ne mai daɗi ba. A bayan rumfunan akwai kangaye. Ranar 21 ga Janairu, 2020, sojojin ruwa suka tashi dubban mazauna tsibirin, bisa zargin ana fasa bututun mai a yankin, domin ma'ajiyar mai ta Atlas Cove tana nan kusa. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun yi tir da abin, suka ce an hukunta gari guda saboda laifin wasu. Daga inda kangayen suke, in ka dubi gabas, benayen Eko Atlantic ne suke ƙyalli, sabon birnin da aka cike teku da yashi aka gina. A can tsohuwar gaɓar Bar Beach take, wadda teku ya yi ta cinyewa shekara da shekaru, saboda katangun da suka tara yashi a wannan gefen su ne suka hana shi isa wancan. Sabon birnin aikin injiniya ne da ya isa a jinjina masa, ban musa ba. Sai dai idona ya fi komawa kan yaran nan masu alluna, ina tunanin a ina suke kwana.

Kafin rana ta yi ja matuƙa suka fara kiran fasinja, don ba a son ratsa mashigar cikin duhu. A komowa ban riƙe benci ba, har na samu sukunin kallon masunta suna jefa birgi a gefen wani jirgin da ya ninka kwale-kwalensu sau dubu.

'Yan'uwana 'yan Kaduna masu zuwa Legas saro kaya ko kai shanu da tumatir, na san yadda muke yi: daga Mile 12 sai Alaba Rago, daga Agege sai tasha, mu dawo muna cewa garin ba shi da komai sai cunkoso. Ku ware wuni guda ku je CMS da safe. Ku tafi da kuɗi a hannu da ruwan sha, ku ɗaure rigar kariya da kyau, ku bar wanka a gefen hasumiya, kuma ku kamo jirgin dawowa tun da sauran rana.