Dalmar Baffa

Har yau in aka ƙyasta ashana kusa da ni, warin farar wutar nan sai ya mai da ni zauren Baffa da hantsin hunturu, ina tsugune ina fifita garwashi, shi kuwa yana juya guntayen dalma a kasko har su narke su yi ƙyalli kamar azurfa, adakarsa jingine da bango, ƙahon albarushi da burgami rataye a turke. A 1971 ke nan. Ban fi shekara tara ba.

Ba shi da sikeli. Tafin hannu ne ma'auninsa: kwabo mai huji a hagu, dunƙulen dalma a dama, ya lumshe ido yana jinjinawa kamar mai sauraron kiran salla daga nesa. Tsaki-tsakin na zabi ne da fakara. Matsakaicin na gada. Babban, wanda yake naɗewa daban a tsumma, na mazo ne, ko gwanki in Allah ya kawo. Marar nauyi, in ji shi, ya fi gudu, ya fi tafiya a miƙe, amma da ya gamu da ƙashin kafaɗa sai ya baje. Mai nauyi yakan sunkuya da wuri, sai an matso, amma in ya shiga ya shiga.

Wata asuba muka laɓe a bakin fadama, raɓa ta jiƙa mana ƙafa, ƙanshin danyar ciyawa da ɗoyin laka sun cika hanci, sai ga mazo ya fito shan ruwa, ga zanen fari a gadon bayansa, kusa har ina jin hucinsa. Na ja gefen rigar Baffa. Bai ko taɓa kunamar adakar ba.

"Baffa, zai tafi!"

"Bar shi, ɗana. Ɗurin gada ke cikinta. Zai ji masa ciwo ne kawai, ya je ya mutu mushe a ƙaya."

Na yi kuka har gida. Ina mamakin yaron nan yanzu, yadda nama ya rufe masa ido.

Bayan shekaru da yawa, a wani shagon maharba a Amurka, na tsaya kusa da wani dattijo da ke shirin farautar barewar ƙasarsu. Kwali biyu ne a gabansa na harsashin .30-06, ɗaya mai nauyin giren 150, ɗaya 180. Tsakaninsu bai cika giram 2 ba. Ya zaro ɗaya daga kowanne, ya ɗora a tafukansa, ya lumshe ido. Sai da na juya baya na share hawaye.

Burgamin yana wurina. Fatar ta bushe ta tsattsage, kuma babban dunƙulen nan yana ciki, naɗe a tsummansa.