Kayan Koli da Ma'aunin Ƙaramin Samfuri

Ƙaramin samfuri shi ne kwaikwayon gini ko mota ko jirgi da aka ƙanƙanta bisa ma'auni guda, ta yadda kowane sashe nasa zai ragu daidai da sauran. Idan aka rubuta 1:50, ana nufin santimita 1 a jikin samfurin tana wakiltar santimita 50 a zahiri, don haka mutum mai tsawon mita 1.7 zai koma milimita 34, a ma'aunin 1:100 kuwa ya koma milimita 17. Wannan lissafi ne ya raba sana'ar da motar kara da ta langa-langa da yaran ƙasar Hausa suka daɗe suna ƙerawa, duk da cewa basirar hannun ɗaya ce.

Kayan da kamfanoni irin su Tamiya na Japan da Airfix na Ingila suke yi domin wannan aiki suna da tsada, shi ya sa masu sha'awar suke komawa kantunan rahusa irin su Daiso na Japan, inda akasarin kaya yen 100 ne. Ɗalibin zanen gine-gine a Zariya ko Kano bai rasa makamancin wannan ba, domin teburin ɗan koli a kasuwar Sabon Gari cike yake da abin da yake buƙata, muddin ya iya kallon kaya da idon awo. Tsinken sakace, mai kaurin kusan milimita 2, a ma'aunin 1:50 ya zama itace mai kaurin santimita 10, wanda zai iya tsayawa a matsayin azara a rufin soro, amma a 1:100 ya zama ginshiƙi mai santimita 20. Bututun shan lemo yakan zama bututun kwalbati, ragar rariyar shayi ta zama shingen waya, samfefa mai laushi ta zama kwalta, siraran wayoyin tagulla da ke cikin wayar lantarki kuwa, idan aka murɗe su aka baza kawunansu aka manna musu dagargazajjen soso, sai su fito bishiya sak.

Inda mutane da yawa suke tuntuɓe shi ne sayen abu don kamanninsa kawai. Ƙananan motocin wasan yara galibi suna kusa da ma'aunin 1:64, kuma idan aka ajiye ɗaya a ƙofar ginin da aka yi a 1:100, nan take gidan zai zama kamar akurki, aikin makonni ya lalace saboda abu guda mai araha.

Sai kuma batun mannawa, wanda ya fi komai ɓata wa sabon shiga rai. Robobi ba iri ɗaya ba ne, kuma lambar da ke cikin alamar kusurwa uku a gindin mazubi tana bayyana irinsa: mai lamba 6 yana karɓar gam da fenti cikin sauƙi, mai lamba 5 kuwa, wanda ake yin yawancin robobin abinci da shi, da ƙyar gam yake kama shi. Farin soson da ake naɗe kayan lantarki da shi yana narkewa idan fentin feshi ko gam mai ƙarfin wari ya taɓa shi, don haka farin gam na kafintoci ne ya dace da shi. Gam mai saurin kamawa kuma yakan bar farin hazo a kan roba mai garai-garai, ya ɓata tagogi.

Bayan an harhaɗa komai, shafen farko na fenti mai ruwan toka ne yake ɓoye asalin kayan, ya mai da tsinke da roba da kwali abu guda. Abin takaici ne a ga ɗalibi ya fasa yin samfuri wai don ba shi da kuɗin kayan waje. Duk mai niyyar wannan aiki ya tsai da ma'auninsa tun daga gida, ya sa rula a aljihu, ya auna kowane abu a gaban mai tebur kafin ya biya.