Ɗan karan da ke tsakanin two da thirds

Ƴan uwa, cikin duk abin da ake koya mana a darasin Ingilishi tun shigarmu kwalej, ban ga abin da muka raina kamar ɗan karan nan da mushe ke kira trait d'union ba, wanda masu nazarin Hausa ke ce wa karan ɗori. Ni kam ina ganin girmansa, balle in ya shiga lissafin kaso.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Ana rubuta two-thirds, three-quarters, one-fifth, da kara tsakanin na sama da na ƙasa. Masu Ingilishin ma sun ɗan saɓa: wasu sun ce a sa shi ko'ina, wasu sun ce sai in kason yana siffanta suna, kamar a two-thirds majority. Ranar BEPC dai ka kama ɗaya ka tsaya kanta. Abin da ke ruɗa mu shi ne Faransanci ya saba mana da deux tiers babu kara, sai hannu ya zarce.

To, ga inda babu wasa. Twenty-one hundredths 21 ne cikin 100. Twenty one-hundredths kuwa 20 ne cikin 100. Karan kawai ya gusa, amma in buhun gero 100 ake rabawa, buhu guda ya sulale. Faransawa ma sun ga haka. Bisa gyaran rubutunsu na 1990, soixante-et-un tiers 61 ne bisa 3, wato 20 da sulusi, alhali soixante et un tiers 60 ne da sulusi. Tazarar arba'in cur!

Abin da ya sa na damu shi ne, mu ƴan Damargu ba baƙin kaso ba ne. Tun kafin lakkwal iyayenmu sun san rabi, sulusi, rubu'i, sumuni da ushiri. Manomin Tarka ya san dami ɗaya cikin goma na zakka ne, tunda ruwan sama ya shayar da gonar. Tsohuwa ta san matar mamaci sumuni take ci in akwai ƴaƴa, rubu'i in babu. Je ka kasuwar Tanut ko ta Belbeji ka ce wa mai awo rabin tiya da tiya duk ɗaya ne, ka ji amsa.

Su da baki suke faɗa, kuma baki yana ɗan tsayawa inda ya dace, mai ji ya gane. Takarda ba ta numfashi. Karan nan ne ke nuna wace kalma ke riƙe da wace, kamar yadda muke rubuta biyu-biyu da Hausa.

Gobe mu ne za a miƙa wa takardar ƙungiyar agaji a ce: "Kai da ka yi boko, karanta mana, nawa ne namu?" Wata rana ma mu ne za mu rubuta ta. Wanda zai sa yatsa a ƙasan takardar ba zai iya duba inda karan ya faɗa ba. Amanarsa tana wuyan mai riƙe da bik.