Taswirar Hanyoyin Keke a Lardin Limburg

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata, to amma fa sai idan mai tambaya da wanda ake tambaya suna jin harshen juna. Baƙon da ya sauka a ƙasar da ba ya jin yarenta, ga sunayen tituna masu wuyar faɗi, yakan zama ɗan zaman ɗaki ba don yana so ba. Irin wannan hali na shiga a 'yan watannin da na yi a garin Hasselt da ke lardin Limburg na ƙasar Beljiyam, inda ake magana da harshen mutanen Holan. Kuɗin mota da na jirgin ƙasa sun fi ƙarfin aljihun ɗalibi, saboda haka na sayi tsohon keke. Abin da ya fitar da ni daga ɗaki kuwa shi ne wata taswira ta hanyoyin keke da ke intanet, wadda nake son in ba mai karatu labarinta.

Kafin a gane taswirar sai an gane tsarin da take nunawa. A wannan lardi, mararrabar hanyoyin keke kowace tana da lambarta, kuma a kowace mararraba akwai ƙaramin allo da ke nuna lambar wurin da kake, da kibiyoyi masu nuna lambobin da ke gaba. Wanda ya ƙirƙiro wannan dabara shi ne Hugo Bollen, injiniya ne da ya yi aiki a mahaƙar kwal. Limburg yankin haƙar kwal ne a da, har zuwa 1992 lokacin da aka rufe mahaƙa ta ƙarshe a Zolder, mutane da yawa suka rasa abin yi. A 1995 aka buɗe rukunin farko na hanyoyin masu lamba domin jawo masu yawon buɗe ido, daga nan tsarin ya bazu zuwa sauran sassan Beljiyam da Holan da wani ɓangare na Jamus. A Limburg kaɗai tsawon hanyoyin ya kai kimanin kilomita 2,000.

Idan ka buɗe taswirar a kwamfuta ko wayar hannu, za ka ga ƙasar cike da 'yan da'irori masu lamba, layuka sun haɗa su kamar saƙar gizo. Sai ka latsa lambar da ta fi kusa da kai, ka latsa ta gaba, nan take taswirar ta ja layi mai kauri tsakaninsu ta kuma gaya maka nisan. Haka za ka yi ta latsawa tana tara maka lissafi har ka kai inda kake so, ko ka zagayo inda ka faro. Idan tafiyar ta yi tsawo sai ka soke lamba ɗaya ka zaɓi wata. A ƙarshe abin da za ka samu jerin lambobi ne kawai. Ni dai nakan kwafe su a 'yar takarda in liƙa a kan keken, in jefa waya cikin aljihu. Wannan ne ya fi burge ni, domin kuwa mai tuƙa keke yana kallon waya bai san lokacin da zai afka wa wani ba. Ga shi kuma lamba ba ta da yare. Ban iya furta sunayen ƙauyukan da nake ratsawa ba, amma 91 ko a ina 91 ce.

Na ambaci 91 ne da gangan, domin ita ce lambar wurin da na fi yawan zuwa. Tana dajin Bokrijk da ke tsakanin Hasselt da Genk, inda a 2016 aka buɗe wata hanyar keke da ta ratsa tsakiyar tafki. Tsawonta ya ɗan haura mita 200, faɗinta mita 3, an gina ta a ƙasa da saman ruwan, ta yadda idan ka kai tsakiya ruwa yana daidai da idonka dama da hagu, agwagin ruwa suna wucewa kusa da kafaɗarka. Akwai kuma wata a dajin Bosland wadda aka buɗe a 2019, ita kuma zagaye take yi tana hawa sannu a hankali har ta kai tsayin mita 10 a tsakanin bishiyoyi. Da tambayar mutane zan dogara, da wuya in kai waɗannan wurare.

Lissafin nisan nan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya zo daga ƙasar da rana ke faɗuwa kusan lokaci ɗaya duk shekara. A watan Disamba, kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe a can, ga sanyi mai ratsa ƙashi, kuma hanyoyin cikin daji ba su da fitila. Tunda na san ina cin kamar kilomita 15 a awa guda, kafin in fita na riga na san lambar da zan juyo daga kanta.

Sai dai taswirar tana da nata halin. Don masu shaƙatawa aka tsara hanyoyin, saboda haka takan bi da kai ta bakin ruwa da gefen gonaki alhali ga miƙaƙƙiyar hanya can. Mai sauri zuwa aji ko kasuwa ba zai gode mata ba. Haka kuma lamba ɗaya tana iya maimaituwa a wani yankin, musamman idan ka tsallaka iyaka zuwa wajen Maastricht a Holan, inda launin allunan ma ya bambanta, don haka sai ka lura da wace 12 kake nufi. Iska kuwa ba ruwan taswira da ita. Kilomita 10 da iska a bayanka daban ne da kilomita 10 da iska a fuskarka, kuma duka biyun layi ɗaya take ja musu. Wata rana ma na tarar ana gyaran hanya an cire allon wata mararraba, taswirar kuwa tana nuna komai lafiya lau. Ranar sai da na ciro waya na nemi lamba ta gaba, na tura keken ta gefen gonar masara har na iske allonta.