Kumfar kafe da maburgin Inna

Ranar da na dawo daga Dutsi na iske an ƙarar da garin madarar da na sayo wa ƙanana, ban tsaya tambaya ba, faɗa na fara. Hutun ƙarshen Disamba ne, hunturu ya kankama a Kiéché. Ɗiyata ta fari, wadda ke aji uku a kwaleji, da ƴar ƙanwata da ta zo mana hutu daga Yamai, na same su a bayan ɗakin girki sun duƙa a kan wata kwalba, ga ledojin madara guda shida a yashe, ga sukari ya zube tururuwa na biki.

Ƴar Yamai ce ta miƙo mini waya, wai in gani. Hannun wata mata ne kawai ake gani, tana tsiyaya wata farar kumfa mai kauri a kan baƙin kafe mai ƙanƙara. Kumfar ta zauna a sama daram, can kuma ta fara gangarowa sannu a hankali kamar hayaƙi. Tasu kuwa, da sun girgiza kwalbar sai ta taso, kafin su zuba ta mutu. Na ce musu wanda gidansu ba firiji ina shi ina kumfar Turawa, na karɓe wayar na jefa aljihu. Ina juyawa ɗiyata ta ce, "To Baba, mi ya hana tamu tsayawa?" Na ce ta rufe mini baki ta share wurin.

Shekara goma sha bakwai ke nan ina riƙe da alli. Kullum ina kuka a gaban abokan aiki cewa yaran yanzu ba su tambaya, sai dai su kwafe abin da ke allo su haddace. Ga tambaya ta iske ni har cikin gidana, na kore ta. Da na kwanta na bincika zuciyata, na gane rabin fushin na madara ne, rabin kuwa don ban san amsar ba. Mu malamai mun san wannan dabara, ko ba mu faɗa ba: yaro ya tambayi abin da ya fi ƙarfinka, sai ka tsawata masa kan zaman da ya yi a karkace.

Cikin dare na ciro wayar da na ƙwace, na kalli abin sau uku, na shiga bincike. Ashe kamfanin Starbucks na Amurka ne ya yayata wannan kumfa mai sanyi, tun wajen 2018 da ya baza ta a shagunansa, mutane kuma suka koma yin ta a gida. Haɗin ba wani abin a zo a gani ba ne: maiƙon madara mai kauri, da madara, da ruwan sukari mai ƙanshi, a kaɗa su da sanyinsu. Sirrin yana cikin maiƙon. Wanda suke amfani da shi, mai ne aƙalla kashi 36 cikin 100. Madarar saniya kuwa kamar yadda aka tatso ta, man da ke cikinta bai cika wuce kashi 3 zuwa 5 ba, haka ma garin madara in an dama shi yadda ake sha. Kumfa iska ce da aka tsare cikin ruwa, dole sai da abin da zai yi mata katanga. Man madara ɗigo-ɗigo yake, ƙanana ƙwarai. Idan ya yi sanyi sai ɗigon su ɗan daskare, su manne da juna a kewayen iskar su riƙe ta. Idan ya yi ɗumi sai ya narke, katangar ta rushe. Yaran nan da ruwan randa da garin leda suke fama, ko kwana za su yi suna girgizawa ba ta tsayawa.

Da safe na mayar da waya, na ce ɗiyata ta tsinto mini ɗaya daga ledojin nan ta karanta abin da aka rubuta a baya. Ta karanta da Faransancinta mai kyau har ta kai inda aka ce matière grasse végétale. Na ce ta faɗa mini da Hausa. Ta yi shiru, can ta ce, "Man tsiro?" Na ce shi ne. An cire wa madarar manta tun can Turai, inda man shanu ke da tsada, an maye gurbinsa da man itace, yawanci na kwakwar manja, aka busar aka aiko mana da araha. Ba ƙarya suka yi ba, ga shi a rubuce, mu ne ba mu karantawa. Ni kaina shekara da shekaru ina saye ban taɓa juya ledar ba. Tun 2018 makiyaya da ƙungiyoyi a Nijar da maƙwabtanta ke gangamin da suka kira Mon lait est local a kan wannan magana, na sha ji a rediyo, amma sai ranar nan ta shige ni.

To ina za mu samu maiƙo? A wannan lokaci na shekara an gama girbi, Fulani sun sauko da shanu gonakin Dallol Mawri suna cin kara suna bar mana taki. Akwai Bahillatar da ke kawo wa Inna nono tun ina saurayi. Da na ce mata ina son madarar safe lita biyu, wadda ba a taɓa ba, ba a sa mata ruwa ba, sai ta ajiye ƙwarya ta riƙe haɓa. "Yaushe Ba'are ya san madara? Ku da aka yaye da kunun gero!" Na ce mata ai shanun ma namu ne, kiwo muka ba su. Wanda bai san wasan da ke tsakanin Arawa da Fulani ba sai ya ce rigima muke. Washegari ta kawo, har da ɗuminta.

Na sa aka dafa ta har ta fara tafasa. A nan ba na sassauci, kuma ina roƙon iyaye kada su yi: ɗanyar madara tana iya ɗaukar tarin fuka na shanu da ciwon nan da ke sa shanu ɓari, wanda ke kama mutum da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Muka huce ta da sauri, muka rufe, muka zaunar da tukunyar cikin kula tare da ƙanƙarar da ɗan kabu-kabu ya kawo mini daga Dutsi, ta kwana. Da safe maiƙo ya taso ya kwanta a sama, ɗiyata ta yaɗe shi da ludayi a hankali. Lita biyu, abin da muka samu bai cika ƙaramin kofin gilashi ba.

Sai ɗoki ya ɓata mana. Ba mu tashi yi ba sai bayan azahar, ƙanƙara ta narke, yaran suka zuba rabin maiƙon a kwalba suka yi ta girgizawa, wannan ta gaji ta miƙa wa wannan. Ni kuma ina tsaye da agogo kamar wani mai binciken makarantu. Can sai muka ga abu ya tsinke, wani dunƙule rawaya-rawaya yana yawo cikin farin ruwa. Ƴar Yamai ta ce madarar ta lalace, ɗiyata ta cika ido da ƙwalla.

Inna tana kan tabarma tana tsinkar zogale, duk abin nan tana kallonmu ba ta ce uffan ba. Ta miƙo hannu ta karɓi kwalbar, ta ɗaga ta ga haske, sai dariya har da tari. "Ke kishiya, wanga ba ɓaci ba na, mai na. Mai kinka kaɗa. Wa yac ce maki ana kaɗi da rana tsaka?" Ta ce tun tana yarinya da asuba ake kaɗa gora, kafin rana ta taɓa ta, in ma mai ya ƙi haɗuwa sai a ɗiga ruwan sanyi. Ɗiyata ta ce ai ba mai take so ba, kumfa take so. Inna ta ce to ai hanya ɗaya ce, ta wuce gidan ne ba ta sani ba. Ta ce a saurari gora. Da fari za ka ji ruwa na cakal-cakal. Sai ƙarar ta yi laushi, kamar an sa wa gorar tsumma a ciki. Sai ta ɗauke ɗif. In ka ci gaba, sai ka ji abu na bugun gora tim-tim, to mai ya fito, ba komawa. Mai son kumfa, inda ƙara ta yi laushi nan zai tsaya.

Na yi tsit, don abin da na kwashe dare ina karantawa ke nan, ita kuwa da kunne ta san shi. Ɗigon man da ke riƙe iska, in aka ci gaba da bugun su sai su dunƙule gaba ɗaya su saki iskar, ruwa ya ware gefe. Inna ba ta taɓa zama a benci ba. Ɗiyata kuwa akwai kalmar émulsion a kayenta na kimiyya, an ja mata layi da jan biro, ta haddace ma'anarta ta ci maki a kai, amma ba ta taɓa zaton abin da kakarta ke yi da gora ke nan ba. Ban ga laifin malaminta ba. Ni ma na koyar da darasin madara da abubuwan da ake samu daga gare ta fiye da sau goma a aji shida, na zana saniya a allo, ban taɓa shigo da ko cokali ɗaya na madara aji ba, alhali ruga na bayan makaranta.

Kashegari da asuba, sanyi na yanka kunne, muka sake da ragowar maiƙon da ya kwana kan sabuwar ƙanƙara. Cokali 3 na maiƙo, 2 na madara mai sanyi, 1 na ruwan sukari. Turawa ƙanshin banila suke sawa, mu kuwa kanumfari biyu muka jefa cikin ruwan sukarin tun yana da zafi, muka tsame bayan ya huce. Inna ta hana kwalba. Ta ce a kawo ƙaramar ƙwarya da maburgi. Ƴar Yamai ta nuna mata ƴar na'urar da matar cikin waya ke riƙe da ita, Inna ta dube ta ta ce ai maburgi ne aka sa wa batir don ragwanci. Ta ɗora ƙwaryar a kan ƙanƙara, ta sa maburgi tsakanin tafukan ɗiyata, ta ce ta murza. Ba a yi minti biyu ba abin ya kumbura ya yi kauri, Inna ta ce, "Tsaya nan." Muka dama Nescafé da ɗan ruwa, muka cika da ƙanƙara, ta tsiyaya. Ta zauna. Ba ta kai ta cikin waya santsi ba, don madarar da aka tafasa takan bar ɗan gudaji, kuma kafin minti goma ta fara nutsewa. Amma ta zauna, har ta yi wa ɗiyata farin gashin baki.

Ban ce kowa ya tashi ya yi ba. Da na lissafa madara da ƙanƙara sau biyu da kuɗin kabu-kabu, sai na ga sun haura jika biyu, kuɗin da zai sayi gero tiya fiye da ɗaya, duk don kofi biyu da aka shanye tsaye. Ba abincin gidan malamin firamare ba ne, na kuma faɗa wa yaran haka. Ƙanana ma ban bari sun sha kafen ba, don yana hana barci, kuma ba na son yaro ya saba da shi da sukari tun yanzu. Kumfar kawai aka ɗiga musu a kan kunu. Sai dai ba abin da ya tafi banza: madarar da aka yaɗe ta kwana ta zama nono aka dama hura, man da aka kaɗa bisa kuskure kuma Inna ta soya shi da albasa ya shiga miyar kuka. Maganar waya ma ban canja ra'ayi ba, har yau ba ta kwana a ɗakin yara. Abin da na bari shi ne karɓewa kafin in ga abin da ake kallo.

Da aka koma makaranta a Janairu na shiga aji da kwalba da maiƙo cikin kula. Na ce yau da Hausa za mu fara, in mun gane sai mu rubuta da Faransanci. Kwalba ta yi ta zagaya benci-benci, kowa ya girgiza sau goma ya kara kunne. Akwai wani yaro ɗan ruga da ke zama can baya, wanda tun Oktoba ban ji muryarsa ba sai wajen kiran suna, kuma shi ke rufe jerin maki kowane wata. Sai ga hannunsa sama. Ya ce, "Mushe, in mai kake so, kada ka karɓi madarar farkon tatsa. Ta ƙarshe ta fi mai." Yara suka yi dariya, na ce su yi shiru. Na tambaye shi yadda ya sani, ya ce shi ke riƙe maraƙi in uwarsa na tatsa. Da na koma gida na duba, haka abin yake. Washegari na faɗa a gaban aji cewa ya fi ni gaskiya, na sa shi ya zo ya rubuta a allo. Ya yi kuskure uku a jimla ɗaya, muka gyara tare.

Yanzu Afrilu ne, zafi ya sauka, kara ya ƙare a gonaki, yawancin shanun sun yi gaba neman ciyawa. Makon jiya ɗiyata ta tari Bahillatar a ƙofar gida ta tambaye ta madarar ƙarshen tatsa. Matar ta buɗe mata ƙwarya, tsala ce ƴar kaɗan a gindi, ta ce ko maraƙi bai ƙoshi ba balle ɗiyar Ba'are, ta jira ruwa ya sauka. Ɗiyata ta dawo ta ɗauko kayenta. A shafin ƙarshe ta ja layi uku, ta rubuta awon da muka yi da lokacin da kumfar ta ɗauka kafin ta nutse, ta bar layi biyu fili. Ta ce ɗaya na madarar ƙarshen tatsa ne, ɗaya kuma na akuya, don Inna ta ce maiƙon akuya ba ya tasowa da sauri kamar na saniya, ita kuma ba ta yarda ba sai ta gani.